Ko Ni, Ko Motar

Hoton da ke cikin tallar bai yi ƙarya ba. Da aka yaye mayafin da aka lulluɓe motar da shi, Umma ta matso kusa da ita. Ja ce, mai ƙofa biyu, ƙasa-ƙasa kamar ta durƙusa, an sake mata fenti har mutum na ganin fuskarsa a jikinta. Umma ba ta kula fentin ba. Gefen sitiyari ta leƙa, ta ga guntun ƙarfen nan da ake ja da hannu maimakon taka kuloci. Mota ɗaya ta sani mai wannan abin, domin mutum ɗaya ta sani da ƙafarsa ta hagu ba ta iya taka komai: mijinta.

'Yarta, wadda yanzu ma'aikaciyar jinya ce, ita ta nuna mata tallar gwanjon tsofaffin motoci a waya, da wasa ma. Wasan ya ƙare da Umma ta karɓe wayar ta ƙi sakinta.

Umma tela ce, kuma ba ta taɓa ɓoye wa kowa cewa ta tsani motar nan ba. Kujera biyu gare ta a gida mai mutum uku. Mijin kan wanke ta kafin ya wanke fuskarsa, idan injinta ya yi tari ya kasa cin abinci. Ran da zazzaɓi ya kwantar da yarinyar, shi yana kwance ƙarƙashin mota yana neman inda mai ke ɗiga. A nan haƙurin Umma ya ƙare. Ta tsaya a kan ƙafafunsa da suka leƙo waje, ta ce, “Ko ni, ko motar.”

Da yamma ya fita, ya dawo shiru. Washegari da sassafe ya wanke motar tas, ya fito da lemar Umma da takalmin yarinyar da duk wani tarkacensu, ya jera a bakin ƙofa. Ya tayar da mota ya tafi, hadari na haɗowa. Ran nan aka tafka ruwan da har yau ake labarinsa. Ruwa ya ɗauke, shi bai dawo ba.

Danginsa sun yi cigiya har suka gaji. Umma ko ƙofar gida ba ta leƙa ba. Wanda ya zube maka kayanka a bakin ƙofa ai ya gama magana. Da keken ɗinki ta reni 'yarta, da kuma baƙin cikin da ba ta taɓa bari ya huce ba, har yarinyar ta tashi ba ta iya cewa “Baba” sai “mutumin nan”.

Yau ba saye ya kawo su wurin gwanjon ba. An gaya musu da zarar gudumar mai gwanjo ta faɗi, mai motar zai fito ya miƙa makulli da hannunsa. Shi Umma take jira. So take ya ɗago kai ya ga abin da ya zubar, ya ga 'yarsa ta zama mutum ba da shi ba. Amma ba ta san abin da za ta yi ba idan ya dube ta bai ma gane ta ba.

Mai gwanjo ya hau mumbari yana zuba zance kamar an kunna rediyo. “Shekara talatin da ɗoriya ba ta taka kwalta ba, jama'a! Ku dubi ma'aunin tafiyarta da idonku!”

Umma ta cije leɓe. Wato ɓoye ta ya yi yana lallaɓawa, su kuwa ko oho. Da aka buɗe ƙofar don masu saye su leƙa, ƙamshin sabuwar fata ya bugo ta, a ƙarƙashinsa kuma wani wari na danshi irin na tsohuwar rijiya. Ta ce a ranta, ashe duk son nan ma a ɗaki mai yoyo ya ajiye ta.

Hannuwa suka riƙa tashi suna sauka. Umma na ta raba ido tana neman fuskarsa. 'Yarta ta riƙe mata hannu, ta ce, “Umma, in ba za ki iya ba mu tafi.” Ta girgiza kai.

Guduma ta faɗi. Aka kira mai mota.

Wani dattijo mai tumbi ya taso, yana tafiya daram a kan ƙafafu biyu masu lafiya. Ba shi ba ne. Umma ba ta san lokacin da ta sha gabansa ba.

“Malam, ina wanda ya sayar maka da motar nan?”

Dattijon ya dube ta, ya yi ajiyar zuciya. “Ai Hajiya, ni dillalin motoci ne tun ina saurayi. Wani bawan Allah mai ɗingishi ya same ni wata rana da yamma, ko sunansa ban riƙe ba, muka gama ciniki a tsaye, na biya shi. Na ce ya bar ta, ya ce a'a, sai ya wanke ta ya kwashe kayan iyalinsa, da safe zai kawo. Na ce wa ke rabuwa da irin wannan? Ya yi dariya, ya ce matarsa ce ta ba shi zaɓi, shi kuwa ba mahaukaci ba ne. Na jira har na gaji, ga ruwa ana ta tafkawa, na ce ya fasa.”

'Yar Umma ce ta tambaya, “To a ina ka same ta?”

“Bara, da aka janye ruwan dam za a gyara tsohuwar gada,” in ji dattijon, “aka tsamo ta a can ƙasa, hancinta na kallon hanyar garejina, shi kuma yana zaune a ciki.”