Ƙwarya a Kan Suri

Harsashin ya sami karen a bayan kunne, lokacin da Di'o, Baturen mulki, yake tsaye taku biyu daga gare shi yana shan shayin safe a bakin barikin Shagari. Kofin bai ko zube ba.

Mutane suna kiran Baturen nan Mai Kare, don ba ya fita rangadi sai da shi. Kare ne mai girman ɗan maraƙi. Kwana huɗu kafin nan, a Bodinga, ya kayar da wata tsohuwa a bakin rijiya ya yage mata sha-raɓa. Da aka kawo ƙara, Di'o ya ce karensa ba ya cizo sai an tsokane shi. Bai tambayi sunan matar ba.

Saje Mainasara, shugaban 'yan sanda uku da ke rakiyarsa, shi ya fara isowa, yana haki. Shi kuma ya gano kwanson harsashin a gindin wata tsamiya. Aka auna, taku ɗari huɗu.

Di'o ya yi soja kafin ya shiga mulki, ya san bindiga. Watan Janairu ne na 1947, ruwan randa yana yanka hannu da safe. A irin wannan sanyi albarushi ba ya ci da ƙarfi, iska kuma tana yin nauyi. Bindigar da aka saita da zafin rana, in aka harba ta da sassafe daga nesa, harsashin ƙasa yake faɗawa. Wanda ya sami kunnen kare a taku ɗari huɗu ya san wannan, ya kuma san yawan ɗagawar da za a yi. Maharbin ƙauye mai bindigar toka ba zai iya ba. Tsohon soja ne, ya ɓoyo bindiga daga yaƙi.

A wurin Di'o maganar ta wuce kare. An yi harbi kusa da jikin Bature, kuma ya yi niyyar rubuta shi a matsayin yunƙurin kisa.

Tsofaffin sojan yaƙin Bama bakwai ne a ƙasar Bodinga da Shagari. Tun da aka sallame su babu mai aiki a cikinsu. Di'o ya sa aka yi shela cewa gwamnati na neman mai gadin daji guda ɗaya, da albashi da kaki, kuma za a gwada harbi ranar Laraba bayan sallar asuba.

Ranar Talata da azahar ya sa aka kifa ƙwarya a kan wani suri, aka auna taku ɗari huɗu. Saje ya kwanta ya saita bindigar gwamnati a cikin rana. Ƙwarya uku ya fasa a jere. Di'o ya karɓi bindigar ya kulle ta a ɗakinsa.

"Gobe wanda ya fasa ƙwarya, ka sa masa ankwa," in ji shi. "Kada kowa ya ji."

"To, ranka shi daɗe."

Da safe suka zo a lulluɓe da barguna. Saje ne yake miƙa wa kowa harsashi uku, yana gaishe shi kamar yadda ake yi.

"Ina sanyi?"

"Sanyi lokacinai na," in ji Arzika na Sifawa, wanda aka ce a Bama bai taɓa ɓata harsashi ba. Matarsa na da tsohon ciki, gonarsa ta albasa kuma ta lalace a bana. Ya kwanta, ya hura hannunsa, ya daɗe yana auna. Di'o ya sa madubin hangen nesa a ido.

Ƙasa ta tashi a jikin surin, ƙarƙashin ƙwaryar. Sau uku.

Lawali na Danchadi ya biyo, sai Ɗanliti, sai Bala, sai na biyar ɗinsu. Kowa ya harba, ƙasa ta tashi, ƙwarya tana zaune. Maniru, na shida, ya yi jinkirin harbi har Saje ya taɓa aljihun da ankwa take. Shi ma ƙasa.

Na ƙarshe Sani ne, ƙaramin cikinsu, mai son a san ya iya. Ya harba biyu, ya tsaya, ya ɗaga bakin bindigar kaɗan. Di'o ya matso taku ɗaya. Sani ya yi tari, ya gyara kwanciya, ya ja kunama. Ƙasa.

Di'o ya sauke madubin. Ya ce bai san yadda aka ci yaƙi da irin waɗannan ba, ko rumbu aka ajiye musu ba za su samu ba. A takardarsa ya rubuta cewa mai harbin baƙo ne, wataƙila daga ƙasar Faransi ya ƙetaro, kuma ya koma. Aikin gadin daji aka ce an ɗage shi. Mutanen suka naɗe bargunansu, suka yi sallama, suka kama hanya a ƙasa.

"Saje, ɗauko ƙwaryar nan, ta kuku ce."

Mainasara ya taka taku ɗari huɗun shi kaɗai. Tazarar ɗani ɗaya a ƙarƙashin ƙwaryar akwai rami guda, wanda tafin hannunsa ya rufe ruf, kuma harsashi ashirin da ɗaya duk a cikinsa suke. Ya sa dunduniyar takalmi ya rushe wurin. Bai yi mamaki ba, don shi ya koya musu harbi a Bama, kuma su bakwai ɗin sun san tsohuwar bakin rijiyar Bodinga ita ta haife shi.