Rigar Sallata da Tampol ɗin Baba

Har yau in na ji warin sabon tampol, sai na tuna rigar Sallata.

Babana yana ƙetarar da manoma da albasarsu a kwalekwale a Goronyo, sai ya so keken ɗinki don ya yi wa jirgin rumfa. Da muka je wurin mai sayar da tsoffin kekuna, Baba ya ce sai ya gwada. Ya ninka tampol, ya ce in riƙe bakinsa, ya hau taka keke yana zuba hira. Ko da ya tsaya, ya ɗinke har da rigata.

Na fashe da kuka. Mai keke ya ɗauko almakashi, Baba ya riƙe hannunsa.

"Saurin mi kaka yi, Malam? Ai ga gwaji ya samu." Ya danne tampol da ƙafa, ya dube ni. "Ruga da gudu!"

Na ruga. Riga ta yage har hammata, ɗinki ko gezau.

"Keke ya yi," in ji Baba. "Rigar ce ba ta da kirki."

Baba ya rasu, keken yana ɗakina. Bai taɓa ba ni kunya ba, amma kafin in hau shi sai na naɗe rigata.