Fuskar da ke Hoton Talla

Ilinca ta jawo takardar amincewa da tiyatar gyaran fuska, za ta sa hannu ba tare da ta karanta ba. Sanda, nas ɗin da ke sanye da takunkumi, ta dafe takardar.

"Karanta tukuna, 'yata. Ɗinkin yana iya ruɓewa. Jijiya tana iya mutuwa, baki ya karkace har abada."

"Haba Anti, sai ka ce mamata. Bikina fa saura wata biyu." Ilinca ta nuna hoton tallar asibitin da ke bango, wanda ya cika titunan Bukares. "Wannan fuskar nake so. Likita ya ce aikin hannunsa ce."

Sanda ta waiga, ta ga ofishin likita a rufe. Ta sauke takunkumin. Hancinta ya lotsa, leɓen sama ya janye gefe guda, haƙora a waje.

"Ya ba ni aiki a nan ne don in yi shiru," in ji ta. "Ni ce a hoton. Da safe aka ɗauke shi, kafin likitan ya sa mini wuƙa."