Ranar da Baba Ya Yi Yaren Mama

"Hablo, hablas, habla," Baba ya maimaita, yana bin takardar darasinsa da yatsa a kan keken ɗinkinsa. "Ina magana, kana magana, yana magana. Na yi daidai, Auta?"

"Ka yi daidai, Baba."

Wata uku ke nan ina koya masa Sifaniyanci. Tsoho mai shekara saba'in, harshe na sarƙewa, amma ya ƙi haƙura.

Tun da ciwon mantuwa ya kama Mama, Hausar da ta shekara arba'in tana yi ta zube mata kaf. Yaren iyayenta, Sifaniyanci, kawai ya rage. Mu 'ya'yanta ma ta manta mu. Baba kaɗai take ganewa. Da ya shigo sai ta kama hannunsa, su zauna shiru.

"Shirun nan ya ishe ni," in ji shi.

Jiya ya sa sabuwar riga, ya zauna a bakin gadonta, ya jero mata abin da ya haddace: ina nan, ina ganinki, ina sonki.

Mama ta ƙura masa ido, ta yi magana a hankali.

Baba ya juyo, fuska cike da murna. "Ta amsa! Me ta ce?"

Na kasa fassara masa. Cewa ta yi, "Bawan Allah, sakar min hannu, ina da aure. Mijina na nan zuwa. Shi ko kalma ɗaya ba ya ji a yarenmu."

Ta zare hannunta, ta koma kallon ƙofa.