Hannun Ƙofa

Washegarin sakinsa daga kurkuku, tsohon ya naɗe shimfiɗarsa, ya je ya tsaya a bayan ƙofar ɗaki, hannuwa a baya, yana jira.

Tun yana da baƙin gashi yake wannan tsayuwa kowace safiya. A can ciki ya haddace waƙoƙin mutanen dā a kan ɗauri, ya rera su har ya gunduri gandirobobi: tsuntsu a keji, sarƙa a ƙafa, sararin sama ta tsagar taga. A ganinsa ba abin da ya shige masa duhu game da 'yanci.

Hantsi ya yi, matarsa ta ƙwala masa kira daga tsakar gida.

"Maigida, shayinka ya huce fa! Ko barcin angonci kake yi?"

"Tuni na tashi. Ke nake jira ki buɗe."

"In buɗe me? Na yi maka kama da gandiroba?"

Ta yi dariya, sai dariyar ta maƙale. Ya ji takunta ya matso, amma ba ta taɓa ƙofar ba.

"Duba daidai ƙugunka," ta ce a hankali.

Wani lanƙwasasshen ƙarfe ne, ya sha hannu har yana ƙyalli. Tsohon ya sunkuya yana kallonsa kamar baƙon ƙwaro. Duk mawaƙan nan sun cika shi da zancen fukafukai, amma ba wanda ya gaya masa cewa ƙofa tana da hannu ta ciki.

Ya goge tafinsa a riga, ya kama, ya murɗa.