Daga Hawa na Tara

A hawa na bakwai numfashin Malam Sabi'u ya fara sarƙewa, amma bai saki takardar ƙorafin ba. Magidanta arba'in na Tarauni ya bi gida-gida suka sa mata hannu: a toshe tagogin sabon benen Gyaɗi-Gyaɗi, domin ana leƙa tsakar gidajen mutane.

"Baba, saura hawa biyu," in ji Gideon, injiniyan ginin. "Ka nuna min tagar da ke kallon gidanka, yau ɗin nan a liƙe ta da bulo."

A hawa na tara Malam ya leƙa. Ya hango Hotoro, ya hango Daurawa. Ga gidan maƙwabcinsa Tasi'u mai kaji, har da shanyar iyalinsa. Ga rumfar mai faci ma. Amma gidan da ya shekara talatin yana ginawa da albashinsa, babu shi. Darbejiyar tsakar gida ta lulluɓe shi ruf.

"Ka gani, Baba? Ba wanda zai san akwai gida a wurin."

"Ko kaɗan?"

"Ko ƙofa."

Ya sauko ya koma gida. Da labari ya bazu, maƙwabta suka yi ta cewa Allah ya rufa masa asiri.

Washegari da hantsi matarsa ta ji sara. Ta fito ta tarar da masu gatari uku a gindin darbejiyar.

"Malam, inuwarmu fa!"

"Ku sare ta daga tushe," ya ce musu. "Gidan Tasi'u ma ana gani, balle nawa!"