Tanon Ruwa Na Biyu

"Rubuta!" in ji tsoho Salifu, yana bugun ƙirji. "Ban taɓa shiga ajin lekkol ba, amma manyan motoci, kamiyo shida, gare ni a unguwar Sersouf. Ni za a koya wa amanar kasuwanci?"

'Yarsa Nuriyya ta gyara biro. Malaminsu ya ce kowa ya kawo labarin maigidan da ya yanke mugun hukunci.

"A shekarar casa'in da huɗu, wani mai mota ya sauke tanon ruwa na biyu, duron guzurin hanya, don ya ƙara buhunan dabino. Direbansa Mamuda ya roƙe shi, ya ƙi. Mota ta mutu bayan garin In Guezzam, tsakiyar hamada. Kwana biyar! Direban ya ba shi kurɓin ƙarshe, ya kwanta ƙarƙashin mota, bai sake tashi ba."

"Mai motar fa, Baba?"

"Ya rayu. Har yau in ya ɗaga kofi, sai ya ji ana tari a bayansa."

"Direban ya bar iyali?"

Salifu ya ajiye kofinsa bai sha ba. Ya dubi idanunta, idanun Mamuda direba sak.

"Jaririya ɗaya," ya ce. "Rubuta."